Kira Ki Gaishe da Mama

Samarin da ke zuwa shagona a Kakuri neman koyon aiki kusan duk abu ɗaya suke faɗa a makon farko. Sai su ga na zauna gaban kwamfutar wata makaranta, na danna nan na danna can na rufe, su ce ai wannan ko a waya ana koyonsa. Akwai wanda ya ce mini shi ba gyara ya zo koya ba, kutse yake so, irin wanda ake shiga na'urar mutum daga nesa. Ban yi masa musu ba, don ni ba mai yawan magana ba ne. Na ga gara in rubuta muku, ku masu neman koyon, abin da bakina ba ya iya tsarawa.

Sana'ata tsare kwamfutoci da wayoyin makarantun firamare da sakandare ce a nan Kaduna. Aikin da na fi alfahari da shi a duk shekarun nan, ko sukudireba ban ɗauka a cikinsa ba. Wata yarinya ce 'yar aji biyu mai suna Keziya, wani mutum ya zo ƙofar makarantarsu a Unguwar Boro zai tafi da ita, kuma saƙon mai makaranta ya riga shi isowa cewa a ba shi ita. Zan zo ga ranar. Amma ba za ku gane ta ba sai kun san hanyar da ta kai mu can.

Na fara koyon aiki ne a shekarar da soja suka miƙa mulki, ina gama sakandare. Ogana, Oga Pam, mutumin Filato ne, da can ma'aikacin lantarki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Da ya ga aikin masaƙa na ta ja da baya sai ya buɗe ɗan shago yana gyaran rediyo da talabijin, daga nan ya faɗa kwamfuta. Kawuna ne ya kai ni daga Tudun Wada, ya ce masa ga yaro nan, ba ya magana, ba ya ƙwallo, sai karatu. Oga Pam ya dube ni, ya miƙo mini wani littafi mai kauri da ya zo cikin kwalin firinta, ya ce in karanta in gaya masa abin da ke ciki, shi idonsa ya gaji da ƙananan rubutu. Na karanta daga bango zuwa bango. Tun ranar ya sa mini suna Malam Littafi, har ya rasu bai kira ni Nasiru ba.

Kayan aikinmu a lokacin duk jaka ɗaya ke ɗauke su: sukudireba mai kan tauraro, mitar gwada wuta, burushin fenti mai laushi, abin hura iska, da faifan da muke tayar da kwamfuta da shi in ta ƙi tashi. Oga Pam yana da wani murfin kwalbar man shafawa da yake zuba kusoshi a ciki. In ka haɗa inji ka bar kusa ɗaya a murfin, sai ka sake kwancewa daga farko, ko da mai kaya na tsaye a kanka.

Aikin makaranta na farko da na bi shi wata sakandare ce a Tudun Wada. Lokacin 'yan siyasa sun dawo da ƙarfinsu, kowa na son a ga hannunsa, sai wani ya ba makarantar kyautar kwamfutoci. Aka yi biki, aka ɗauki hoto, aka lulluɓe su da zannuwa aka kulle ɗakin, shugaban makaranta ya jefa makullin a aljihu. Da aka tashi buɗewa saboda masu duba makarantu za su zo, ɓeraye sun riga sun haihu a cikin wasu, sauran kuma ƙurar alli ta toshe musu fanka. Na ɗauko burushi zan fara, Oga Pam ya riƙe hannuna. Ya ce kafin ka taɓa inji, ka tambayi wa ke riƙe da makulli, wa yake ba aro, kuma wane ne ba ya iya ce wa a'a. Ya ce a masaƙa bai taɓa ganin inji ya cire wa mutum yatsa haka kawai ba. Kullum in ka bincika, wani babba ne ya ce a cire murfin kariya don aiki ya yi sauri, ƙarami kuma ya ji nauyin musa masa. A ranar na ɗauka hirar tsofaffi ce.

Da rajistar jarrabawa ta koma intanet, kowace makaranta ta nemi kwamfuta ko da guda ɗaya ce, mu kuma aiki ya buɗe. Wannan shi ne zamanin filash da bairos. Akwai wata firamare a bayan kasuwar Kakuri da sakatariyarta ta shigo shago ido jajur, ana jibi rabon sakamako, ta ce makin yara duk ya ɓace. Na sa filash ɗin a wata tsohuwar kwamfuta da muka ware don irin wannan, wadda ba ta haɗe da komai. Makin na nan, bairos ne ya ɓoye shi ya ajiye na bogi a madadinsa. Fito da shi bai ɗauke ni lokaci ba. Abin da ya ɗauki lokaci shi ne tambayar inda filash ɗin ya bi. Ya je kafe na intanet. Ya je wurin mai wanke hoto. Ranar Asabar ya je wurin mai buga takardar sujada ta cocinsu. Ƙanenta mai sa kiɗa a biki ma ya ara. Ta ce mini, to Malam, in ƙanenka ya ce ka ara masa abu ɗan ƙanƙane haka sai ka hana shi? Na sayo sabo, na ɗaure shi da jan zare a jikin makullin ofis, yadda in zai fita sai makullin ya fita da shi. Na kuma koya mata ta riƙa kwafe makin a faifai duk ƙarshen mako, a ajiye a gidan mai makaranta. Daga nan ban sake ganin hawayenta ba.

Kalmar sirri kuwa, zan iya cika littafi da ita. Na shiga makarantar da kalmar sirrinta sunan makarantar ne da shekarar da aka kafa ta, dukansu biyu rubuce da manyan haruffa a allon bakin titi. Na ɗaga kibod a ofisoshi da yawa na tarar da ita manne a ƙasa da salatif. A sakandare kuma wata al'ada ce: babban malami ba ya zama ya buga maki da kansa, sai ya kira ɗalibi mai saurin hannu ya faɗa masa kalmar ya ce ya shigar masa. Yaro ba zai ce a'a ba, malami kuma bai ga laifi ba, tunda aiken yaro ba sabon abu ba ne. Sai a wayi gari aji guda kowa ya ci lissafi. Na raba wa kowane malami tasa kalmar, na tsara yadda in an kammala shigar da maki ba mai iya taɓawa sai shugaba. Na toshe hanyoyin da yara ke bi su kalli abin da bai dace ba a ɗakin kwamfuta, suka samo wasu, na sake toshewa. Har yau muna wannan tseren da su, kuma ba na jin haushinsu. Daga cikinsu ne wasunku suka fito.

Bayan rasuwar Oga Pam na gaji shagon da kwastomominsa. Babbar cikinsu ita ce Mama Laraba, 'yar kudancin Kaduna, tsohuwar shugabar firamaren gwamnati da ta yi ritaya ta buɗe tata makarantar a Unguwar Boro. Iyayen yara da yawa ita ta koya musu karatu. Mutum mai furfura zai shigo ofishinta ya rusuna. Tana fama da ciwon gwiwa, shi ya sa ba ta cika zagaya azuzuwa ba, daga kujerarta take aika umarni, kuma ban taɓa jin wanda ya tambaye ta dalili ba.

Da manyan wayoyi suka yawaita, ni na buɗe mata zaurukan hira na iyaye, kowane aji da nasa guruf. Abu ya yi daɗi. Aikin gida, sanarwar hutu, ranar wasanni, duk a nan. Amma ba a daɗe ba na ga abin da ake zubawa a ciki: hoton yaro da cikakken sunansa ranar bikin haihuwa, wane ba shi da lafiya, wance ta yi tafiya, yau maƙwabciya ce za ta zo ɗaukar wane. Na ce wa malamai a taro wannan zaure ne marar ƙyaure, duk wanda ya samu wayar mutum ɗaya daga cikinmu ya shigo tsakar gida. Suka ce ai duk 'yan uwa ne a ciki.

Sai mummunar shekarar ta zo. Aka fara satar lambobin hira na mutane a gari, kuma ba da wata gwaninta ba. Mutum zai kira ka da ladabi, ya gaishe ka har ya tambayi iyali, ya ce daga ƙungiyar iyaye da malamai yake, ko daga zumuntar coci, ko kwamitin masallaci. Ya ce za a yi taro ta waya, an turo maka wasu lambobi na shiga taron, ka karanto masa ya rubuta sunanka. Kana karantawa, lambarka ta hira ta koma wayarsa. Daga nan duk abin da ya rubuta, da sunanka da hotonka yake fita. A wata makaranta aka rubuta da sunan shugaba cewa gari ya rikice, kowa ya zo ya ɗauki ɗansa. Duk wanda ya zauna a Kaduna ya san abin da wannan magana ke yi wa mutane. Iyaye suka bar shaguna a buɗe, keke ya yi wuya, wata uwa ta faɗi a kwata ta karye a hannu, alhali ba abin da ya faru a gari.

Laifin ya dawo kaina, tunda ni na buɗe zaurukan. Makarantu suka fara cewa in dakata tukuna. Wani mai makaranta a Tudun Wada, abokin kawuna, ya ce mini a gaban malamansa kafin in kawo musu wannan abu suna zaune lafiya. Shago ya yi shiru, na koma gyaran firinta da sauya gilashin waya. Waɗanda suka rage mini na bi su waya-waya. Akwai makulli na biyu da ake sa wa manhajar hira, wasu lambobi da mai waya kaɗai ya sani, wanda ko ɓarawo ya karɓi na farko ba zai wuce ba. Na zauna da kowane malami, da mai gadi, da direban bas, na sa musu, na sa kowa ya maimaita nasa a zuci har ya zauna.

A makarantar Mama Laraba waya ɗaya ce ta gagare ni, ita ce tata. Na rusuna na yi bayani. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta jefa wayar a jakarta.

"Nasiru, ɗana, wannan wayar ba ta makaranta ba ce, ɗana na Legas ya saya mini. Lambobin da ke kaina sun ishe ni. Kuma ni ba yarinya ba ce da wani zai kira ya ruɗe ni."

Na koma mata da maganar a wasu lokutan, amsar ba ta sauya ba. A nan na tuna Oga Pam. Makulli na hannun Mama, kuma ita ce wadda ba mai iya ce wa a'a. Tunda ba zan iya kulle wayarta ba, sai in kulle abin da saƙonta ke iya buɗewa. Abu mafi tsada da yake buɗewa shi ne ƙofar makaranta.

Na roƙi a kafa doka: ba yaron da zai fita kafin tashi, ko ya bi wanda ba a saba gani ba, a kan rubutaccen saƙo, ko daga wa ya fito, sai an ji muryar mai saƙon da ta uwa ko uba a lambar da aka sani. Mama ta yarda, don a ganinta dokar ta iyaye ce. Ba a yi nisa ba ta aika wa wani sabon malami saƙo daga asibiti, inda ta je duba gwiwa, cewa ya sallami wani yaro. Malamin ya kira ta ya ce, Mama, ke ce kika turo wannan? Na ji an ce har masu jinya sun ji faɗanta. Da ta dawo ta sa aka kira ni, ta ce na koya wa ma'aikatanta su riƙa tuhumarta kamar ɓarauniya, in zangon karatu ya ƙare za ta nemi wani. Malamai kuma suka same ni a ɗakin kwamfuta suka ce gaskiya ba za su iya ba. Anti Rifkatu, malamar aji biyu, ita ta fi fitowa fili. Ta ce Mama ce ta yi mata tsaye a aurenta, da wane baki za ta tambaye ta ko ita ce?

Na fahimce su sarai, don ni ma ba zan iya ba. Na yi kwanaki ina juya abin. Ɓarayin nan da gaisuwa suke shigowa, saboda sun san ba ma iya katse mai gaishe mu. Sai na ga ai mu ma muna da ita, kuma ba babban da ya taɓa jin haushi don ƙarami ya kira ya gaishe shi. Na koma wurin malaman na ce kada wanda ya sake tambayar Mama ko ita ce. In saƙo ya shigo, ki kira ki gaishe ta. Mama ina wuni, ya gwiwa, ya mutanen gida, na ga saƙo. In ita ta turo za ta ce yauwa, a yi hakan. In ba ita ba ce za ta ce wane saƙo. Kin ji muryarta, ba ki tuhume ta ba. Haka za a yi wa iyaye. Wanda ya zo ɗaukar yaro kuma baƙo ne, ba a barin baƙo a tsaye: Baba mai gadi ya ba shi benci a inuwar waje, ya ba shi ruwa, a gaisa sosai har a gama kiraye-kirayen. Muka gwada a tsakaninmu, ni ina yin Mama, suna ta dariyar yadda nake amsa ya gwiwa. Bayan 'yan makonni Mama da kanta ta ce mini ma'aikatanta sun ƙara tarbiyya, ko ina take sai sun kira sun gaishe ta. Maganar sallamata dai ba ta janye ba.

Ranar da na fara ambata muku, ranar zumuntar mata ce a cocin su Mama, kuma duk makaranta an san in ta shiga tana kashe waya har a tashi. Daga baya muka gane da safe, tana shirin fita, wani ya kira ta ya ce daga zumuntar gunduma yake, ya gaishe ta, ya tambayi gwiwa, ya ce an turo mata lambar taro. Ta karanto masa ta kashe wayar ta shiga coci. Ku lura da wannan, don a nan sanin aiki yake: wanda ya saci lamba yana samun kansa a duk zaurukan da mai lambar ke ciki, yana ganin duk abin da aka rubuta daga lokacin, amma ba ya ganin tsofaffin saƙonni. A zauren aji biyu, da hantsi, Maman Keziya, mai sayar da atamfa a kasuwar Kakuri, ta rubuta cewa yau za ta makara zuwa ɗaukar 'yarta, kaya sun iso mata. Hoton da ke kan lambarta kuma ita ce da yarinyar cikin kayan makaranta.

Ina shago na kwance wata firinta, wajen azahar, Anti Rifkatu ta kira ni. Muryarta ƙasa-ƙasa.

"Malam Nasiru, Mama ta turo mini saƙo. Wai Maman Keziya ta faɗi a kasuwa an kai ta asibiti, kawun yarinyar na zuwa, in ba shi ita maza. Ga shi ma ya iso, Baba ya ba shi benci. Na kira in gaishe da Mama, a kashe. Na kira uwar, tana shiga ba a ɗauka."

Na ce ta karanto mini saƙon. Ba sallama, ba Rifkatu 'yata, kuma Mama da ke cikin coci waya a kashe ba ta rubuta saƙo. Duk da haka ban da tabbas, mai yiwuwa wani ta ba ya rubuta mata. Anti Rifkatu ta ce in da gaske ne fa, uwa na kwance tana neman 'yarta, ita ta hana, kuma ta saɓa wa Mama? Na ce in da gaske ne, laifin a kaina, dama an kusa sallamata. Kada yarinyar ta leƙo ko tagar aji. Ta je ta gaishe da baƙon, ta ja gaisuwar. Ni zan shiga kasuwa.

Na bar firintar a kwance na ja ƙofar shago. Layin 'yan atamfa ba nisa daga wurina, amma ban san rumfarta ba, sai da na bi ina tambayar Maman Keziya. Wata ta nuna mini can ciki. Na same ta zaune a kan dila, tana gardama da mai dako, tana cin dafaffiyar gyaɗa. Wayarta na wurin mai caji a bakin layi tun hantsi, saboda ba su samu wuta ba a gida. Na gaishe ta, na ce daga makaranta nake, ko ta aiki wani ya ɗauko Keziya? Ta ce wane wani? Na ce kawunta. Gyaɗar ta zube daga cinyarta.

"Kawunta ɗaya ne, kuma yana can garin Lafiya."

Muka tari keke. Daga Kakuri zuwa Unguwar Boro sai dukan bayan kujerar mai keke take yi da tafin hannu. Ni kuma ina kiran malamai ɗaya bayan ɗaya su cire lambar Mama daga kowane zaure, su sanar da iyaye kada a bi duk saƙon da ya fito daga gare ta yau.

Abin da ya faru a ƙofa, Anti Rifkatu da Baba mai gadi ne suka ba ni labari. Mutumin ya sa kaftani mai tsabta, yana da fara'a, ya kira yarinyar da sunanta, ya san ajinta, ya san uwar atamfa take sayarwa. Anti Rifkatu ta fito ta rusuna masa.

"Sannu da zuwa, Kawu. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi, Anti. Yarinyar kawai take ta kira."

"Ayya, Allah ya ƙara sauƙi. Baban Keziya fa, yana wurinta?"

"Yana can, shi ya turo ni ma. Ya ce a gaishe ku."

"Muna amsawa. Bari in haɗo mata jakarta."

Baban Keziya ya rasu tun tana nazare, Anti Rifkatu na cikin waɗanda suka yi waƙa a jana'izarsa. An sanar da rasuwar a zauren iyaye a lokacin, cikin tsofaffin saƙonnin da ɓarawo ba ya gani. Wannan tambaya ba ni na koya mata ba, tata ce. Ta shiga ta raɗa wa Baba, ta kulle ajinta da yaran a ciki ta sa su waƙa. Baba ya saƙala kwaɗo a ƙaramar ƙofa daga ciki, ya ce wa baƙon ta tsakanin ƙarafuna ya yi haƙuri, lokacin salla ya yi, haka yake yi kullum. Mutumin ya ɗan zauna, ya duba waya, ya ce bari ya sayo katin waya ya dawo. Baba ya ga ya shiga wata mota da ke jira a kwana. Da muka iso, kofin ruwansa na kan benci bai sha rabi ba. An kai rahoto wurin 'yan sanda, ba a same shi ba.

Keziya ta fito tana tambayar uwarta me ya sa ta zo da wuri bayan ta ce za ta makara, kuma ina biskit ɗin da ta yi mata alkawari.

Mama ta iso daga coci da kayan zumunta a jikinta, ta ji komai a tsaye, ba ta nemi kujera ba. Malamai sun taru a ofis. Ta dubi Anti Rifkatu ta daɗe, ta dubi Maman Keziya da ke rungume da 'yarta. Sannan ta buɗe jaka ta ɗauko wayar ta sa a tafin hannuna.

"Ka dawo mini da lambata. Ka sa mata makullin nan naka. In na manta, zan tambaye ka."

Na ce ba ni za ta tambaya ba, don ni ma bai kamata in sani ba. Ta zaɓi lambobin da ba za ta manta ba, ni zan juya baya. Na juya na fuskanci bango a gaban kowa, ina jin tana dannawa a hankali tana gunaguni. Dawo da lambar ya ɗauki kwanaki, da jira da sake gwadawa, irin aikin da ba wanda zai so ya kalla. Maganar sallama ba ta sake tasowa ba. Labari ya zaga, makarantun da suka ce in dakata suka fara aikowa, har da abokin kawuna na Tudun Wada. Duk inda na je yanzu, kafin in buɗe jakar kayan aiki, sai na tara malamai da mai gadi mun gwada gaisuwar nan, kuma ni nake yin mai makaranta.

Wanda ke son koyon wannan sana'a a wurina zai koyi kwance inji da haɗa shi ba kusa ko ɗaya a murfi. Zai koyi bairos da kalmar sirri da toshe hanyoyi. Zai kuma koyi zama a ofishin tsohuwa ya rusuna, ta ƙi abin da ya kawo, ya fita ya nemo wata hanyar da ba za ta zubar mata da girma ba. Keziya tana babbar sakandare yanzu, ita ke riƙe da makullin ɗakin kwamfuta. Ba ta san ni da komai ba sai mai gyara, in ta gan ni takan ce Malam, linzamin kwamfutar can ya sake lalacewa.

Mama ta tsufa sosai, 'yarta ce ke gudanar da makarantar, amma makullin ofis har yanzu a gidanta yake kwana. Kwanakin baya na rubuta mata saƙo cewa zan aiko a karɓa ranar Asabar, zan yi aiki a kan kwamfutocin. Ban ajiye wayar ba ta fara ƙara.

"Nasiru, ɗana, ina kwana? Ya Tudun Wada? Ya mai ɗakinka da yara?"

Na ce lafiya lau, Mama, ya gwiwa?

"Gwiwa sai godiya. Na ga saƙo."

Ta tsaya nan, tana jira in ce yauwa, ni na turo.